Ido kafin hannu: kundin aikin koya wa sababbin 'yan wasa jifan kyauta

7 ga Oktoba

Yau muka buɗe aikin. Yaran da ke hannuna 'yan shekara 12 zuwa 15 ne, maza da mata, kuma dukkansu sababbin shiga ne a ƙwallon kwando. Abin da nake so in gani kafin shekara ta fita guda ɗaya ne: idan aka koya wa sabon ɗan wasa inda zai ajiye idonsa da tsawon lokacin da zai bar shi a wurin, shin jifansa zai fi na wanda aka yi ta gyara wa gwiwar hannu?

Na zaɓi jifan kyauta, wato jifan da ake ba ɗan wasa daga layi idan an yi masa keta, domin a nan ne komai yake tsaye cak. Layin yana mita 4.6 daga allo, zoben yana mita 3.05 daga ƙasa, faɗinsa santimita 45, babu mai tare ka, babu mai ture ka. In ƙwallo ya kauce, daga mai jifan ne.

Na raba su gida biyu da ƙuri'a. Rukunin farko za su samu koyarwar da kowane koci ya saba bayarwa: tsayuwar ƙafa, gwiwar hannu a ƙarƙashin ƙwallo, karya wuyan hannu bayan saki. Rukuni na biyu za a nuna musu riƙon ƙwallo gwargwadon abin da ya wajaba, sauran maganar duk a kan ido za ta tsaya. Yawan jifa ɗaya, kwando ɗaya, lokaci ɗaya. Nan gaba za a yi musaya, don ban yarda a hana wani yaro abin da zai amfane shi saboda ina gwaji ba.

Masu bincike suna da tabarau na musamman da ke bin ƙwayar ido, yana nuna ainihin ɗigon da mutum yake kallo. Mu waya ce da mu. Na ɗaure ta a jikin ƙarfen da ke riƙe da allo, tana fuskantar mai jifa, tana ɗaukar bidiyon da ake iya rage wa gudu. Tana nuna lokacin da ido ya ɗago, da lokacin da ya tsaya, da lokacin da hannu ya motsa, kuma abin da nake nema ke nan. Iyaye duk sun ba da izini, bidiyon kuma ba ya barin hannuna.

14 ga Oktoba

Na zauna na bi bidiyon makon farko ɗaya bayan ɗaya. Kusan labari ɗaya ne. Yaro ya karɓi ƙwallo, ido a ƙasa. Ya buga shi, ido a kan ƙwallo. Ya gyara yatsu, ido a kan yatsu. Sai hannu ya riga ya fara tashi sannan ido ya biyo baya a guje yana neman kwando. Wasu sai sun saci kallona tukuna, su ga ko fuskata ta yarda da tsayuwarsu. Akwai wata yarinya da idonta ke zuwa zobe, ya koma allo, ya sauko raga, ya sake hawa, duk kafin ƙwallo ya bar hannunta.

Dalilin da wannan ya dame ni yana cikin yadda aka halicci ido. Mutum yana ɗauka duk abin da ke gabansa yana ganinsa tar, alhali wurin da ido ke gani da kyau ɗan mitsitsi ne, kamar digiri 2, kwatankwacin faɗin farcen babban yatsa idan ka miƙe hannu gaba. Sauran duk dishi-dishi ne, ƙwaƙwalwa ce ke cike giɓin. Shi ya sa ido yake ta tsalle daga wuri zuwa wuri, wajen sau uku a kowane sakan, kuma a daidai lokacin tsallen ƙwaƙwalwa tana danne gani. Labarin nisa da tsayi yana shiga ne sa'ad da ido ya tsaya. Wanda idonsa ya isa kwando bayan hannu ya tashi, ya yi jifa da labarin da bai gama karɓa ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to sai dai a ba shi lokacin da zai auna.

Na tara rukuni na biyu na nuna wa kowa nasa. Wani dogon yaro tun kafin in kunna ya ce, "Wallahi Malam ina kallon kwandon." Na ce, "To yarona, zo mu gani tare." Da ya ga kansa yana kallon yatsunsa har ƙwallo ya wuce haɓarsa, sai ya yi shiru, ya ce a sake kunnawa. Gani ya kori ji. Ni kuma na ƙara gane cewa faɗa wa yaro "ka mai da hankali" ba ya gyara komai, tunda shi a ransa ya riga ya mayar.

21 ga Oktoba

Yau muka fara koyar da natsuwar ido gadan-gadan, don haka bari in rubuta inda abin ya samo asali.

Joan Vickers ta Jami'ar Calgary a Kanada ce ta fito da shi. A 1996 ta wallafa binciken da ta yi a kan gwanayen mata 'yan ƙwallon kwando, ta sa musu na'urar bin ido suna jifan kyauta. Ta gano cewa waɗanda suka fi iya jifa sukan tsayar da ido a wuri ɗaya a kan kwando na kusan sakan guda kafin hannu ya fara aikinsa, su kuwa na bayansu ba sa kai rabin haka. Wannan tsayuwar ta ƙarshe ita ce natsuwar ido, kuma a ma'aunin masu bincike sai ido ya zauna a cikin digiri 3 na aƙalla kashi ɗaya cikin goma na sakan kafin a ƙirga ta. Daga baya an ga irin wannan bambanci tsakanin gwani da ɗan koyo a golf, da harbin bindiga, da wasu wasannin saiti.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ana iya koyar da ita. A 2001 Vickers da abokiyar aikinta Harle sun ba da rahoton horon da suka yi wa ƙungiyar matan jami'ar, inda a cikin kaka biyu jifansu na kyauta a wasannin gasa ya ƙaru da fiye da kashi 20, ya haura kashi 76 cikin 100. Waɗannan dai gwanaye ne tun asali. Wanda ya fi kusa da halin da nake ciki shi ne na Sam Vine da Mark Wilson na Jami'ar Exeter a Ingila, a 2011, domin su 'yan koyo suka ɗauka, suka raba su kamar yadda na raba nawa. Rukunin da aka koya wa ido sun fi, kuma da aka matsa musu lamba ba su rushe kamar ɗaya rukunin ba.

Ga tsarin da na ba yaran. Ka tsaya a layi, ka buga ƙwallo sau uku, ka riƙe shi, ka ɗago ido ka ajiye a wuri ɗaya a jikin zobe, ka ce a zuci "na gani, na riƙe", sannan ka jefa ba tare da tsayawa a hanya ba. Faɗin kalmomin nan yana cin kusan sakan guda, shi ya sa na zaɓe su. Yaro ba zai iya ƙirga sakan a ransa yana jifa ba, amma zai iya faɗin kalma huɗu.

Vickers tana ganin a wannan sakan ɗin ne ƙwaƙwalwa ke tsara ƙarfi da alƙibla da lokacin saki. Wasu masu bincike a Jami'ar Bern ta Suwizalan suna ganin aikinsa shi ne danne sauran hanyoyin jifa da jiki ya sani, don guda ɗaya ta fito sarai. A filin horo duk wanda ya yi daidai cikinsu umarnin bai canza ba.

28 ga Oktoba

Wasu sun wuce gona da iri. Sun ji an ce tsayar da ido yana da kyau, sai suka ƙura wa zobe ido har kafaɗa ta sandare, numfashi ya ɗauke, jifan ya fito a taurare. Na tuna musu dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ta ba mai jifa sakan 5 ne kacal daga lokacin da alƙalin wasa ya miƙa masa ƙwallo, kuma buga ƙwallon ma a ciki yake. Da zarar kalmomin sun ƙare hannu ya tashi.

4 ga Nuwamba

Tambayar da ta yi ta dawowa ita ce, "Malam, wane wurin?" Cewa "zobe" ya yi wa ido faɗi. Na yi tunanin liƙa tef mai launi, sai na fasa, domin ranar wasa babu tef. Raga tana rataye ne a jikin zobe ta wuri 12, don haka na ce kowa ya ɗauki ƙugiyar da ke tsakiya tana fuskantarsa, ko ta gaba ko ta baya, ya zauna a kanta kada ya canza. Yawancinsu ta gaba suka ɗauka saboda ita ce ta fi fitowa daga layi. Waɗanda jifansu ke yawan gazawa na karkata su zuwa ta baya.

A bidiyon yau kawuna sun daina rawa. Ban yi musu maganar kai ba ko sau ɗaya. Ido ne ya tsaya, kai ya bi shi, kafaɗu suka daidaita.

11 ga Nuwamba

Wannan makon ya nuna min cewa inda ido yake daban, inda hankali yake daban. Akwai yaron da a bidiyo ba ka da abin cewa a kansa, ido a kan zobe, ya tsaya yadda ake so, amma ƙwallo na ta kaucewa. Na tambaye shi me yake tunani a wannan sakan ɗin. Ya ce yayansa ya gaya masa ya riƙa lura da wuyan hannunsa, shi ne yake lura. Ido yana kwando, hankali yana gida a jikin hannu.

Gabriele Wulf ta shafe shekaru tana bincike a kan wannan tun 1998. Abin da take cewa shi ne idan mai koyo ya sa hankali a kan gaɓoɓinsa, yana yi wa jiki katsalandan a aikin da zai iya tsarawa da kansa, idan kuwa ya sa shi a kan abin da motsin zai haifar, kamar hanyar ƙwallo ko zobe, motsin yakan fi santsi. A wani gwaji na 2005 da tana cikin waɗanda suka yi shi, an sa mutane jifan kyauta, wani lokaci hankali a wuyan hannu, wani lokaci a zobe. Da hankali a zobe sun fi saiti, kuma na'ura ta nuna tsokokin dantse sun rage aikin da ba dole ba.

Sai dai ba zan ɗauki wannan in yi ta dukan kowa da shi ba. Sian Beilock da abokan aikinta a 2002 sun gwada masu jan ƙwallon ƙafa tsakanin alamomi, suka ga gwani yana lalacewa idan aka sa shi lura da ƙafarsa, amma ɗan koyo lurar tana taimakonsa, haka ma gwanin idan ya koma ƙafar da bai saba da ita ba. Wanda bai san riƙon ƙwallo ba dole a yi masa maganar yatsu. Abin da na tsayar shi ne a raba lokutan. Gyaran hannu a yi shi kusa da kwando, ko a jikin bango, inda ba a ƙirga shiga. In an hau layi kuwa maganar jiki ta ƙare. Kuma ko gyaran ne, akwai yadda za a faɗe shi ya fita daga jiki: maimakon "karya wuyan hannu" sai in ce "sa ƙwallon ya juyo baya", maimakon "ɗaga gwiwar hannu" sai in ce "jefa shi ya sauko wa zobe daga sama". Yaron da yayansa ya ba shawara da wannan ta farko na bar shi, kuma jifansa ya saki.

A ganina mu masu koyarwa mun cika surutu a bakin layi. Kowane jifa sai mun ce wani abu, kuma kusan duk abin da muke faɗa sunan wata gaɓa ne. Yaro ya hau layi da umarni biyar a kansa, babu ko ɗaya da ya ambaci kwando.

Wani abu kuma da ya fito fili a makon nan: ƙananan cikinsu daga ƙirji suke turo ƙwallo saboda ƙarfinsu bai kai ba, don haka da hannu ya tashi ƙwallon yake rufe musu zobe. Raoul Oudejans da abokan aikinsa a Amsterdam sun nuna a 2002 cewa masu ɗaga ƙwallo sama da goshi suna leƙen kwando ta ƙarƙashinsa, suna amfani da gani har zuwa dab da saki. Mai turowa daga ƙasa ba shi da wannan damar. Abin da ya gani kafin hannu ya tashi shi ke nan guzurinsa, wanda ke nufin natsuwar ido ta fi zama dole ga ƙaramin yaro fiye da babba. Biyu daga cikin 'yan matan ma ƙwallon ba ya isa sai sun yi wurgi da dukkan jiki, kuma babu tsayuwar idon da za ta gyara wannan. Na ba su ƙaramin ƙwallo mai lamba 5, na matso da su gaba da layi, za su riƙa ja baya a hankali.

25 ga Nuwamba

Ranar matsin lamba. Na haɗa rukunan biyu gasa, kowa yana jifa a gaban kowa, ana kiran sakamako da ƙarfi, an kuma bar 'yan kallo su yi ihu yadda suke so.

Michael Eysenck da abokan aikinsa sun bayyana a 2007 cewa fargaba tana karkatar da hankali daga abin da mutum ya nufa zuwa abin da yake tsoro. Masu binciken Exeter sun ga haka a ido ƙarara a 2009: a jifan kyauta fargaba tana gajarta natsuwar ido, a bugun fenariti kuma mai fargaba yana yawan kallon mai tsaron gida, sai ƙwallon ya tafi kusa da shi. Inda ido ya je, can ƙwallo ke bi.

Abin da waya ta ɗauka yau bai saɓa da wannan ba. A rukunin farko tsohon hali ya dawo, ido yana zuwa wurin masu ihu, ya dawo ƙwallo, jifa ya fita da gaggawa kamar ana so a rabu da shi. Har waɗanda hannunsu ya yi kyau ƙwarai a makonnin nan sun yi ta zubarwa. A rukuni na biyu ma tsoron yana nan, ana ganinsa a fuska, amma mafi yawansu leɓunansu na motsi da kalmomin nan, ido kuma ya zauna. Ba duka suka shiga ba. Abin da na lura shi ne ko sun kauce, kaucewar ba ta da nisa, zobe suke bugawa.

Yarinyar da idonta ke yawo tsakanin allo da raga a makon farko ta zo bayan an tashi ta ce, "Malam, ina jin su, amma ina da abin yi." Wannan ita ce fa'idar da na fi daraja a tsarin. Ce wa mai fargaba "kwantar da hankalinka" umarni ne da ba shi da hanyar bi, ita kuwa ƙugiya tana nan a gabansa, zai iya kallonta ko zuciya na bugawa.

2 ga Disamba

Wani yaro a rukuni na biyu ya ƙi ci gaba duk da yana bin tsari sau da ƙafa. A bidiyo na ga yana tsuke ido duk sa'ad da ya ɗago. Na tsayar da shi a layi na tambaye shi ƙugiya nawa yake gani a gaban zobe, ya ce shi ja kawai yake gani. Na yi magana da mahaifiyarsa a kai shi a duba masa ido. Daga yanzu duk sabon da ya shigo wannan tambayar zan fara yi masa.

16 ga Disamba

Zangon farko ya ƙare, ga inda muke. A horo na yau da kullum, ba ihu ba gasa, rukunan biyu duk sun ci gaba kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa. Rukunin farko ma sun fi kyan hannu a ido. Bambancin a ranakun matsin lamba yake fitowa, kuma a duk ranakun da muka yi, rukunin ido ne suka fi riƙe abin da suka koya.

Yarana kaɗan ne, kuma ni ne mai koyarwa ni ne mai dubawa, don haka abin da na gani ya ishe ni tsara horona, bai kai a kafa hujja da shi ba. Su kansu masu binciken ba su gama daidaitawa ba. A 2024 wasu sun sake tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan sa hankali a wajen jiki, suka ce an kambama amfaninsa saboda binciken da ya samu sakamako mai daɗi ya fi samun shiga mujalla. Na ɗauki wannan da muhimmanci, shi ya sa ban ce wa kowa ya daina koyar da hannu ba. Abin da na tsaya a kai ya fi wannan ƙanƙanta: sabon ɗan wasa ba ya sanin inda idonsa yake, koya masa ba ya cin kuɗi ko lokaci mai yawa, kuma yana ba shi abin riƙewa ranar da tsoro ya zo.

Yaron da aka kai asibiti ya dawo da tabarau. Na mayar da shi matakin farko na zaɓen ƙugiya, tunda yanzu ne yake ganinta.

A Janairu za mu yi musaya. Rukunin farko za su karɓi tsarin ido, na biyu kuma su samu gyaran hannu da kalmomin da ke nuni ga ƙwallo da zobe. Ina so in ga ko gyaran hannun zai ci natsuwar da suka samu, domin in ya ci, to jerin koyarwar ne zan sake. Zan kuma fara gwada su da jifan kyauta bayan gudu, suna haki, tunda a wasa na gaske a haka ake hawa layi. Ana buƙatar waya ta biyu a gefe don ta ɗauki lokacin da gwiwar hannu ta fara miƙewa, a haɗa shi da abin da ta gaba ta ɗauka na ido.